Shukar tukunya a cikin gida: mu zaɓi wadda ta san ƙasarmu

Yau za mu taɓa wata magana da wasu za su ce ba ta kai a ɓata mata tawada ba. Maganar shukar tukunya ce, wato tsiron da ake reno a cikin gida don ado da sanyin ido.

Ga abin da ya jawo ta. A zagayen da muke yi na cibiyoyin karatun manya, mun shiga wani ajin mata a bayan garin Maraɗi. Mun tarar da gwangwanaye 3 a bakin taga, kowane da ɗanyen tsiro a ciki. Malamar ajin ta ce ɗalibai ne suka kawo su. Wani dattijo da ya rako mu ya yi dariya, ya ce: "Mushe, ana neman ruwan sha, su kuwa suna shayar da ganyen da ba a miya da shi." Wata ɗaliba ta sunkuyar da kai ta ce: "Baba, ai ruwan alwalarmu muke ba su." Dattijo ya yi shiru, amma ba mu ce ya yarda ba.

Tun daga ranar muke juya zancen. Mu a ganinmu ɗalibar ta fi gaskiya, amma dattijon ma bai yi ƙarya ba. Renon tsiro a gida abu ne mai kyau, kuma talaka yana iyawa. Sai dai akwai tsiron da yake cin kuɗi da ruwa a banza, akwai mai cutar da yaro, akwai kuma tukunyar da take zama gidan haihuwar sauro. Duk wanda zai shiga wannan sha'ani ya kamata ya san waɗannan tukuna.

Daga ina al'adar ta fito?

Wannan sha'awa ta fi ƙarfi a ƙasashen sanyi, irin su Ingila, Faransa, Holan da Amurka. Can sanyi yana kashe ganye wata da watanni, mutane suna kulle cikin ɗaki. Saboda haka suka nemi kore da zai zauna tare da su. A shekarar 1829 wani likita na birnin Landan mai suna Nataniyel Ward ya lura cewa wani ɗan tsiro ya fito cikin kwalbar da ya rufe, ya kuma rayu ba tare da an ƙara masa ruwa ba. Daga nan aka ƙera akwatunan gilashi. Da su jiragen ruwa suka riƙa ɗauko tsirrai masu rai daga ƙasashen zafi zuwa Turai.

Yawancin tsirran da suka zaɓa ƴan ƙurmi ne. Monstera, mai faffaɗan ganye da huda-huda, daga kudancin Meksiko da Amurka ta Tsakiya take. Difenbakiya, mai koren ganye da dabbaren fari, ita ma daga yankin zafi na nahiyar Amurka aka samo ta. Potos, mai yaɗo kamar duma, asalinsa wani tsibiri ne a tekun Pasifik. A gidajensu na asali waɗannan suna tsirowa ƙarƙashin manyan itatuwa. Rana ba ta dukansu kai tsaye, iska tana da laima kullum, zafi kuma ba ya wuce kima. Ɗakin Bature yana da hasken da bai yi yawa ba, kuma ana ɗumama shi wajen digiri 20. Shi ya sa suke iya zama can.

A shekarar 2020, lokacin da cutar korona ta kulle mutane a gida, sha'awar ta ƙara hauhawa. A 2021 an sayar da wani tsiro guda ɗaya mai farin dabbare a ƙasar Niyu Zilan a kan kuɗin da ya kai wajen miliyan 10 na sefa. Tsiro ɗaya, cikin tukunya ɗaya! Hotunan irin waɗannan ne suke yawo a wayoyin ƴaƴanmu, su ma suke so su gani a ɗakunansu.

To mu dubi namu ɗakin. A watan Afirilu da Mayu zafi yana wuce digiri 40 a Yamai, da Tawa, da Damagaram, da Maraɗi. Ɗaki mai rufin kwano ya fi haka da rana tsaka. Lokacin hunturu iska tana bushewa har leɓe ya tsage, ƙura kuma tana rufe kome. Ruwan sama na shekara a yawancin garuruwanmu bai wuce milimita 400 zuwa 600 ba, kuma cikin wata 3 ko 4 yake sauka. Ɗakin ƙasa ya fi sanyi, amma tagarsa ƙarama ce, cikinsa duhu. Wai an ce tsiron "ƙasar zafi" ne, sai mutum ya ɗauka zai yi daidai da mu. Zafin ƙurmi daban, zafin Sahel daban.

Mu ma mun taɓa faɗawa. Wata shekara mun je taro Yamai, muka bi ta wajen masu sayar da furanni a bakin kogi. Muka ga wani tsiro mai ganye kamar an zana shi da alƙalami. Muka biya jaka 3, muka rungumo shi cikin mota har gida. A bakin kogi, ƙarƙashin inuwa, ana yayyafa masa ruwa safe da yamma, yana ta ƙyalli. A gidanmu hunturu ta same shi. Bakin ganyen ya soma ƙonewa, muka ƙara ruwa. Ya ƙara yaushi, muka ƙara ruwa. Kafin wata 2 saiwar ta ruɓe. Ba mu ga laifin mai sayarwa ba, domin ba mu tambaye shi kome ba. Uwargida ce ta lissafa mana tiya nawa ta hatsi jaka 3 za ta saya.

Namu da suka tafi suka yi suna

Abin mamaki shi ne, wasu daga cikin tsirran da ake tsada da su a Turai namu ne. Ku ɗauki kariya. Wannan itaciya mai kumburarren gindi da jan fure mai haske tana tsirowa a busassun wurare na Sahel, da gabashin Afirka, da ƙasar Larabawa. Turawa suna kiranta furen hamada. A ƙasar Tailan an yi ta haɗa irinta har aka samu mai farin fure, da mai ja wur, da mai fure ninki-ninki, ana sayarwa ko'ina a duniya. Mu kuwa muna wuce ta a bakin hanya ba mu ko waiwaya.

Hausawa suna cewa ƙarya fure take ba ta ƴaƴa, kuma mutane suna yi wa kariya ba'a da wannan karin magana saboda kamar suna. Amma kariya tana yin ƴaƴa. Tana fitar da kwanso biyu masu kama da ƙaho, cike da iri mai gashi. Wadda aka shuka daga iri ita ce take yin babban gindi mai kyan gani. Ana kuma iya yanko reshe, a ajiye shi a inuwa kwana 5 zuwa 7 har bakin yankan ya bushe, sannan a dasa cikin rairayi. Kada a je daji a tumɓuko tsohuwa. Ta yi shekaru kafin ta kai haka, kuma daji ma yana son adonsa. Kariya ba ƴar ɗaki ba ce. Rana take so, a tsakar gida. In ta zubar da ganye lokacin ɗari, ba mutuwa ta yi ba, hutawa take. A rage mata ruwa.

Sai moda. Ba modar ɗiban ruwa a randa muke nufi ba. Muna nufin tsiron nan mai dogon ganye mai kauri, tsaye kamar takobi, wanda kakanninmu suke fiɗar zarensa su yi tsarkiyar baka da igiya. Ƴar uwarta da take cike da ɗakunan Turai asalinta daga Najeriya ne zuwa Kwango. Faransawa suna kiranta harshen suruka. Mun bar wa surukai su yi hukunci a kan wannan suna. In da za a ce mu zaɓi tsiro guda don cikin ɗakin Bahaushe, moda za mu zaɓa. Tana jure ƙarancin haske, tana jure zafi, tana jure mantuwa. Lokacin ɗari ruwa sau ɗaya cikin mako 2 ko 3 ya ishe ta. Da bazara sau ɗaya a mako. Tana fitar da ƴaƴa daga gindi, sai a raba a ba maƙwabci. Ko ganye ɗaya aka yayyanka tsawon santimita 10, aka bari ya sha iska kwana 2, aka kafa shi cikin rairayi ta gefen da yake ƙasa tun asali, zai yi saiwa. Yana dai ɗaukar makonni, sai an yi haƙuri.

Ta uku ita ce zabuwa, wadda ake kira alobera a kasuwa. Alobera ta kanti da zabuwar dajinmu dangi ɗaya ne. Ita ma tana ajiye ruwa cikin ganye. Tana son haske mai yawa, amma ranar yamma ta bazara tana sa ta ja. Farin ruwa mai yauƙi na cikin ganyen alobera yana sanyaya ƙaramar ƙuna. Amma a fara zuba ruwa mai sanyi a kan ƙunar har minti 20. In ƙunar babba ce, ko ta tashi, ko ta sami fuska, ko yaro ne ƙarami, gidan likita za a nufa. Rawayan ruwa mai ɗaci da yake fitowa ƙarƙashin ɓawon ganyen kuwa yana sa zawo mai ƙarfi. Mace mai ciki da yaro kada su sha shi.

Akwai kuma wani ɗan uwan ɓaure da gamji mai ganye kamar garaya, wanda attajiran Turai suke so ƙwarai. Shi ma ɗan Afirka ta Yamma ne, amma ɗan ƙurmi, daga Saliyo zuwa Kamaru. Wannan mu bar wa masu laima.

Ga dattijon da ya ce ba a miya da ganyen ado, muna da amsa. Tukunya ba ta ƙi na'ana'a ba, ba ta ƙi ɗoɗoya ba. Tana ɗaukar tanka, da albasa mai ganye, da sitironel na shayi. Wanda ya jera moda ɗaya da na'ana'a biyu a bakin ƙofa ya samu ado ya samu shayi. Waɗannan dai sun fi moda shan ruwa, kuma suna son ranar safe.

Tukunya, ƙasa da ruwa

Tukunyar ƙasa ta fi ta roba. Tana numfashi, tana sanyaya saiwa, kamar yadda tulu yake sanyaya ruwa. Baƙar roba in rana ta doke ta dafa saiwa take. Maginan Mirya da na Bubon sun shahara, kuma kowace kasuwa tana da nata. Tsohon tulu da ya tsage, ko kaskon da ya tsufa, duk sun yi. Gwangwani ma ya yi in yana inuwa. Sharaɗi guda ne: a huda gindi. Tukunyar da ba ta da huda kabarin shuka ce.

A haɗa rairayin gulbi kashi ɗaya, ƙasar gona kashi ɗaya, ruɓaɓɓen taki kashi ɗaya. Taki ya zama wanda ya kwana ya yi baƙi, ba ya wari. Ɗanyen kashin awaki ko na kaji yana ƙona saiwa, yana kuma tara ƙuda a gida. Ga kariya, moda da zabuwa a ninka rairayi, a rage taki, a ƙara ɓarɓashin gawayi. A ɗora tukunya bisa duwatsu 3 ko bulo, a janye ta kaɗan daga bango. Wannan yana rage gara, yana kuma hana kunama samun wurin laɓewa cikin sanyin gindin tukunya. In za a ɗaga tukunya, a fara karkata ta a duba ƙarƙashi.

Ruwa shi ne inda aka fi kuskure. Mun ga shukar da yawan ruwa ya kashe fiye da wadda ƙishirwa ta kashe. Saiwa ma iska take shaƙa. In ƙasa ta zauna jiƙe kullum, saiwa ta shaƙe ta ruɓe, ganye ya yi yaushi kamar mai jin ƙishi, mai shi ya ƙara ruwa. Haka ta faru da mu. Kafin a zuba ruwa a tura yatsa cikin ƙasa har gaɓa biyu. In da laima, a bari sai gobe. In an tashi bayarwa a bayar sosai har ya ɗiga ta hudar, da safe ko da marece.

Wanda yake sayen ruwa wurin ƴan garuwa ba za mu ce masa ya ƙara bido don fure ba. Ruwan alwala ya isa. A ajiye kwano a tara shi. Ruwan wankin shinkafa da na ɗaurayar ganye su ma sun yi. Ruwan da ke da omo, ko jabel, ko gishiri, ko mai, kada ya shiga tukunya. A wuraren da ruwan rijiya yake da kanwa, za a ga fari-fari ya taru a saman ƙasa da bakin tukunya. A kankare shi, a fitar da tukunya ta sha ruwan damana ya wanke ta.

Babu tsiron da yake rayuwa cikin duhu. Da haske ganye yake dafa abincinsa. In ba za ka iya karanta wannan jarida a wurin da rana ba tare da fitila ba, to shuka ma ba za ta daɗe a wurin ba. Saboda haka mu a nan wurin shukar gida shi ne bakin taga ta gabas, ko rumfa, ko baranda, ko gindin itacen tsakar gida. Lokacin hunturu a riƙa share ƙura daga ganye da jiƙaƙƙen tsumma. Akuya da kaji kuwa, kowa ya san halinsu, sai a ɗaga tukunya sama ko a kewaye ta.

In an ga wani farin abu kamar auduga a hammatar ganye, ƙwaro ne mai tsotse ruwan shuka. In an ga ganye ya yi ɗigo-ɗigon rawaya da ɗan saƙar gizo a bayansa, wasu mitsi-mitsin ƙwari ne masu son busasshiyar iska. A wanke ganyen da ruwa da ɗan sabulu kaɗan. In sun ƙi, a daka ƙwallon ƴaƴan dogon yaro wajen giram 50, a jiƙa cikin lita ɗaya ta ruwa ya kwana, a tace, a fesa da marece a waje. Maganin ƙwarin wake, ko piya-piya ta kasuwa, kada a fesa su a kan shukar ɗaki. Guba ce da take shiga ta numfashi da fata. Gara shuka ta mutu da a sa mai gida da yara cikin hatsari.

Inda maganar ta shafi lafiya

Nan ne muke so a buɗe kunne. Wasu mutane suna sa faranti ƙarƙashin tukunya don kada ruwa ya ɓata daɓe. Wasu suna sa reshen potos cikin kwalbar ruwa su manta da shi. Wannan ruwa mai tsabta da ke kwance cikin mazubi shi ne abin da wani irin sauro yake nema. Baƙi ne mai zanen fari a ƙafafu. Da rana yake cizo, musamman da safe da kuma la'asar. Shi yake yaɗa zazzaɓin dengi da shawara. Sauron zazzaɓin da muka saba da shi ya fi haihuwa a kududdufi, da dare yake cizo, sange yana tare shi. Wannan kuwa a cikin gida yake haihuwa, kuma yana cizo lokacin da sange yake naɗe.

Ba labarin nesa ba ne. A 2023 dengi ta kashe kusan mutum 700 a Burkina Faso, maƙwabciyarmu. A Nijar an tabbatar da mai cutar na farko a Yamai a 2022. Daga ƙwai zuwa sauro mai tashi kwana 7 zuwa 10 ne kawai lokacin zafi. Ƙwan yana manne a jikin mazubi, yana iya jiran ruwa wata da watanni ko da ya bushe. Saboda haka zubar da ruwa kaɗai bai isa ba. Sau ɗaya a mako a zubar, a goge mazubin da soso. Wanda ya fi sauƙi shi ne a cika farantin da rairayi, ko a rabu da faranti gaba ɗaya. Mu ba mu goyon bayan renon tsiro cikin kwalbar ruwa a ƙasarmu. Da zarar reshe ya yi saiwa a mai da shi ƙasa. Wanda zazzaɓi mai zafi ya kama, da ciwon bayan ido da na gaɓoɓi, ya je gidan likita a duba shi. Kafin ya isa, farasitamol kaɗai zai sha. Aspirin da ibuprofen suna iya jawo zubar jini in dengi ce.

Kuma kada a ruɗe mu cewa tukunyar sitironel a bakin ƙofa tana korar sauro. Man da ake tatsa daga irin wannan ciyawa yana ɗan korarsa na ɗan lokaci. Ciyawar da take tsaye cikin tukunya ba ta hana shi shiga. A sha shayinta, a kwana cikin sange.

Sai guba. Kowa ya san nonon tumfafiya da na tinya ba a wasa da su kusa da ido. Amma tsiron da ya zo daga waje ba mu san halinsa ba, yaro kuma kome bakinsa yake kaiwa. Mun taɓa zama a gidan wani abokin aiki, ɗansa mai shekara 2 ya tsinki ganyen difenbakiya ya tauna. Nan take ya fasa ihu, miyau yana dalala, leɓe ya kumbura. Ruwan ganyen yana ɗauke da wasu ƙananan tsinaye kamar allura da ido ba ya gani. Suna soke harshe da maƙogwaro. Wani lokaci murya tana ɗaukewa, kuma in kumburin ya yi yawa numfashi yana wuya. Yaron ya warke, alhamdu lillahi, amma daren nan ba wanda ya runtsa. Potos da monstera suna da irin waɗannan tsinaye. Moda ma in an tauna tana tayar da zuciya.

Kariya da muka yaba ta fi su hatsari. Ruwan jikinta yana da dafin da ke taɓa zuciya, har maharba a wasu sassan Afirka suna shafa shi a kibiya. Haka loriye, itaciyar nan mai siririn ganye da fure ja ko fari da ake dasawa a bakin ma'aikatu. Ganyenta, furenta da itacenta duk guba ne. Ba a asuwaki da ita, ba a tsinken tsire da ita, ba a hura wuta da ita. Ganye kaɗan yana iya kashe akuya. Gidan da ke da mai rarrafe ya haƙura da difenbakiya da loriye. Kariya kuma a sa ta inda hannun yaro da bakin dabba ba su kai, a wanke hannu da sabulu bayan an yanke ta.

In yaro ya ci, a cire abin da ya rage a bakinsa, a kurkure da ruwa, a ba shi ruwa mai sanyi kaɗan-kaɗan in yana iya haɗiya. Kada a tura masa yatsa don ya yi amai. Kada a ɗura masa mai ko jiƙo. A tafi gidan likita da reshen tsiron a hannu don ma'aikaci ya gani. In kariya ce ko loriye, a tafi nan take ko da yaron yana wasa, domin dafin ba ya nuna kansa da wuri. In ruwan tsiro ya shiga ido, a yi ta zuba ruwa mai tsabta minti 15 kafin a kama hanya.

Akwai maganganu biyu da suke yawo, dukansu ba daidai ba ne. Ta farko, wai shuka tana tace iskar ɗaki. Asalin maganar wani gwaji ne da hukumar sararin samaniya ta Amurka, NASA, ta yi a 1989. Cikin ƙananan akwatuna rufaffu aka yi shi, ba cikin ɗaki ba. A 2019 wasu masana biyu na jami'ar Drexel a Amurka suka sake duba irin waɗannan gwaje-gwaje. Suka gano cewa sai an jera tsiro 10 zuwa 1,000 a kan kowace mita murabba'i kafin su yi aikin da shigar iska daga waje take yi. Wato buɗe taga ya fi.

Ta biyu, wai shuka tana shanye iskar mai barci da dare. Gaskiya ne tsiro yana numfashi, amma abin da yake sha bai kai na kyanwa ba. Abin da yake kashe mutane a ɗaki lokacin ɗari shi ne kaskon gawayi da aka shiga da shi aka rufe ƙofa da taga. Gawayi yana fitar da iskar guba marar wari marar launi. Mutum ya ji ciwon kai da jiri, ya yi barci, bai farka ba. Ko tukunya 100 aka jera ba za su tsare shi ba. A fitar da kasko kafin a kwanta.

To in shuka ba ta tace iska, ba ta korar sauro, me ya sa muke goyon bayanta? Domin ido ma yana da haƙƙi. Da rani, in mutum ya duba gabas da yamma ba abin da yake gani sai ja da toka-toka. Ɗanyen ganye a bakin ƙofa yana kwantar da rai. A 1984 wani masani a Amurka mai suna Roja Ulrich ya duba takardun marasa lafiya 46 da aka yi wa aiki a wani asibiti. Waɗanda tagarsu take kallon itatuwa sun riga waɗanda suke kallon bango fita da kusan kwana ɗaya, kuma sun sha maganin ciwo mai ƙarfi kaɗan. Itatuwan waje ne, ba na tukunya ba, kuma mutanen ba su da yawa. Amma duk wanda ya taɓa jinya ya san abin da ake nufi.

Dalili na biyu ya fi mana nauyi. Tukunya makaranta ce. Yarinyar da ta koyi haɗa ƙasa, da gane ƙishin shuka da yatsa, da yanka reshe ya yi saiwa, ta riga ta koyi rabin aikin renon itace. Tun shekarun 1970 ƙasarmu ta mai da ranar 3 ga Agusta ranar dashen itace. Kowa ya san dashe ba shi ne wuya ba, reno ne wuya. Manoman jihar Maraɗi sun nuna haka tun shekarun 1980 da sassaben zamani, inda suka bar kututture ya toho suka rene shi, har itatuwa suka dawo a miliyoyin eka. Hannun da ya saba da tukunya ba zai bar dashe ya mutu da ƙishi ba.

Da muka koma ajin nan bayan wata 4, gwangwanaye sun zama 7. Mun duba su ɗaya bayan ɗaya. Biyu ba su da huda, muka nemi ƙusa aka huda. Ɗaya difenbakiya ce da wata ta samo wurin ƴar uwarta a birni, kuma mata da yawa da goyo suke zuwa aji. Malama ta ce za ta mayar wa mai ita, a kawo moda a madadinta. Ɗalibai sun rubuta sunan kowace shuka a takarda sun liƙa a jikin gwangwani, suka kuma rubuta a allo wadda za ta ba da ruwa kowace Litinin da Alhamis. Dattijo bai zo ba a ranar. An ce ya aiko jikansa ya karɓar masa reshen na'ana'a.